Tafiyar Malesiya: Jirgin Sama, Jirgin Ƙasa, Bas ko Hayar Mota?

Kafin mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru ya fara kwatanta kuɗin tikiti, akwai wata doka da ya kamata ya sani, domin ita ce take yanke rabin shawarar. Hukumar shige da ficen Malesiya ta sa waɗannan ƙasashe cikin jerin waɗanda 'yan ƙasarsu ba sa shiga sai da biza, kuma ta filin jirgin sama kaɗai. Ke nan dabarar da Turawa masu yawon buɗe ido suke yi, ta sauka a Singafo a hau bas a tsallaka gada zuwa Johor Bahru, ko a sauka a Bankok a biyo jirgin ƙasa ta Padang Besar, ba tamu ba ce. Ko tikitin ya fi araha da dala 200, ƙarshensa a tsayar da mutum a bakin iyaka da kayansa. Haka kuma wanda ya riga ya shiga da bizar shiga sau ɗaya: da ya leƙa Singafo, wadda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin minti 5 daga Johor Bahru, bizarsa ta mutu.

Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara daga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu, sannan akwai katin isowa na intanet mai suna MDAC, wanda ake cikewa kyauta cikin kwana 3 kafin sauka. A shafin hukumar shige da fice ake cike shi. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa, na 'yan tsakiya ne.

Hanyar zuwa

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya ko Nijar ya dire Kuala Lumpur kai tsaye. Dole a yada zango, kuma zangon guda huɗu ne aka fi bi: Addis Ababa da Ethiopian Airlines, Doha da Qatar Airways, Dubai da Emirates, sai Santambul da Turkish Airlines. Duk wanda aka bi, tafiyar kan ci awa 17 zuwa 24 idan aka haɗa da jira, wani lokacin ma ta wuce haka.

Ga ɗan Arewa, babban abin da Ethiopian ya fi sauran da shi shi ne yawan inda yake ɗiba: Kano, Abuja, Legas, Yamai, Akra, Injamena. Wanda ke Kano ko Katsina ko Damagaram ba sai ya biya kuɗin jirgin cikin gida da na kwana a Abuja ba, kuma wannan kuɗin shi ne mutane suka fi mantawa wajen lissafi. Kuɗinsa yakan yi sauƙi, kuma idan jiran Addis Ababa ya yi tsawo, kamfanin kan ba da masauki bisa sharuɗɗan tikiti; a tambayi wannan tun wajen saye, a kuma karɓi takardar masaukin tun a filin jirgin farko. Inda yake da rauni shi ne ba kullum yake zuwa Kuala Lumpur ba, don haka idan aka rasa jirgin haɗi, jiran na iya zama na kwana biyu. Qatar da Emirates suna zuwa Kuala Lumpur kowace rana, daga Doha ko Dubai awa 7 da ɗan wani abu ne, kuma wanda jirgi ya kuɓuce masa ba ya daɗewa bai samu na gaba ba. Ga mai tafiya da tsoho, ko mara lafiyar da za a kai asibiti, ko mace mai goyo, wannan ya cancanci ƙarin kuɗin. Turkish ya fi su zagaye, domin sai an haura arewa zuwa Santambul sannan a yi wajen awa 11 a sama, amma yana da amfani ga mutanen Yamai, kuma wasu lokutan farashinsa kan faɗi ƙwarai.

Abin da ke jawo asara mafi yawa shi ne tikiti biyu da ba a haɗe suke ba. Mutum ya ga jirgi mai araha zuwa Singafo ko Bankok, ya sayi wani daban na AirAsia daga can zuwa Kuala Lumpur. A takarda lissafin ya yi kyau. Amma kayansa ba za su wuce da kansu ba. Sai ya fita ta wajen jami'an shige da fice ya ɗauko su ya sake awo, kuma fitar tana buƙatar bizar waccan ƙasar. Sau da yawa ma tun a Kano ko Abuja za a hana shi hawa, domin a idon kamfanin farko, Singafo ce ƙarshen tafiyarsa. A sayi tikiti ɗaya mai lamba ɗaya tun daga gida har Kuala Lumpur, a kuma duba takardar da aka liƙa wa akwati a ga an rubuta KUL, wato alamar filin jirgin Kuala Lumpur.

A lura da agogo: Malesiya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7. Wanda ya tashi ranar Litinin da rana, galibi Talata da yamma zai sauka.

Daga filin jirgi zuwa gari

Filin jirgin KLIA ba a cikin Kuala Lumpur yake ba. Yana Sepang, fiye da kilomita 50 kudu da tsakiyar birnin, kuma gini biyu ne masu nisa da juna. Manyan jiragen ƙetare da Malaysia Airlines da Batik Air suna Tasha ta 1, AirAsia kuma tana Tasha ta 2. Ba a takawa da ƙafa tsakaninsu. Jirgin ƙasa ne ke haɗa su cikin minti 3 a kan ringit 2 (ringit shi ne kuɗin Malesiya). Akwai kuma wani tsohon filin a Subang, kusa da gari, inda jiragen kamfanin Firefly ke tashi. Idan tikiti ya ce SZB, Subang ake nufi, kuma wanda ya tafi KLIA da shi ya yi asarar jirgi.

Hanya uku ce ta shiga gari, kuma yawan mutane da yawan kaya ne ke raba gardama. KLIA Ekspres jirgin ƙasa ne da ba ya tsayawa ko'ina, minti 28 daga Tasha ta 1 zuwa KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta birnin, ringit 55 kowane babba. Bas yana cin kusan awa ɗaya idan hanya a buɗe take, kuɗinsa wajen ringit 15. Grab, wato manhajar kiran mota da kowa ke amfani da ita a can, yakan kama ringit 65 zuwa 80 har ƙofar masauki, ban da kuɗin tolget da direba zai ƙara.

Mutum ɗaya mai jaka ɗaya da ya sauka da yamma lokacin tashi daga aiki, jirgin ƙasa ya fi masa, don ba ruwansa da cunkoso. Amma iyali mai mutum 4 za su biya ringit 220 a jirgin, sannan su sake neman mota daga KL Sentral, alhali mota ɗaya za ta kai su gida da ƙasa da rabin haka. Sai dai ƙananan motocin Grab, irin su Myvi da Bezza, ba sa ɗaukar manyan akwatuna huɗu. Wanda ya zo da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, ga abokin tafiya da irin nasa, ya zaɓi mota mai kujera 6 tun a manhajar. Idan ya kira ƙarama, direban zai zo ya ga kayan ya soke, a koma layi.

Akwai ɗan'uwan Ekspres mai suna KLIA Transit, wanda ke bin layi ɗaya amma yana tsayawa a Salak Tinggi, Putrajaya da Cyberjaya, da Bandar Tasik Selatan. Ɗalibin da makarantarsa ke Cyberjaya ko Serdang ba shi da dalilin shiga tsakiyar gari ya dawo baya. Wanda kuma zai wuce wani gari da bas, Bandar Tasik Selatan ce tasharsa, domin babbar tashar bas tana manne da ita.

Tun a filin jirgi a sayi layin waya da fasfo, domin Grab da tikitin jirgin ƙasa da na bas duk a waya suke. Kada a dogara kacokan da katin banki na naira. A riƙe dala a hannu, a canza kaɗan a filin jirgi, sauran a bari sai cikin gari inda 'yan canji suka fi ba da farashi mai kyau. Grab yana karɓar tsabar kuɗi.

Cikin Kuala Lumpur

A nan zancen gajere ne: a sayi katin Touch 'n Go, a zuba masa kuɗi, a hau jirgin ƙasa. Katin yana aiki a layukan jiragen ƙasa na cikin gari, LRT da MRT, da jirgin nan mai layi ɗaya da ke ratsa Bukit Bintang, da KTM Komuter, da bas ɗin Rapid KL waɗanda ba sa karɓar tsabar kuɗi, har da tolget da wuraren ajiye mota. Yawancin tafiye-tafiyen cikin gari ba sa wuce ringit 2 zuwa 6. Tikitin wata mai rangwame da ake kira My50 na 'yan ƙasa ne kawai.

Layukan LRT da MRT suna zuwa duk bayan 'yan mintuna. KTM Komuter kuwa, wanda ke kai Batu Caves da Klang da Bangi, jiransa na iya kaiwa rabin awa ko fiye, don haka a duba jadawalinsa kafin a fito. Akwai taragun mata zalla a Komuter da MRT, an yi musu alama da launin hoda. Namiji ya kula kada ya faɗa ciki da gaggawa. Ga ɗalibai, tashar Gombak ita ce ƙarshen layin Kelana Jaya kuma daga nan ake ƙarasawa Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, tashar Universiti tana kusa da Jami'ar Malaya, jami'ar UPM tana da tasha a layin MRT na Putrajaya da aka kammala a 2023, jami'ar UKM kuma tana kan layin Komuter. Wanda zai kama haya ya fara auna nisan gidan da tasha kafin ya kalli kuɗin haya, domin gida mai araha da sai an hau Grab kullum ya fi tsada a ƙarshen wata.

Babu acaɓa na haya da za a dogara da shi a Malesiya, ba kamar Tailan ko Indunusiya ba. Kuma ruwan sama kan sauko da ƙarfi da la'asar. A wannan lokacin kuɗin Grab kan ninka, motoci su yi wuya. Wanda ke da alƙawarin ƙarfe 6 na yamma a tsakiyar gari, jirgin ƙasa ne kaɗai zai cika masa shi.

Tsakanin garuruwa

Don a gane zaɓin da kyau, sai an kalli shimfiɗar ƙasar. Jerin duwatsun Titiwangsa ya raba yankin da Kuala Lumpur take gida biyu. A gefen yamma ne babbar hanyar Arewa zuwa Kudu take, mai tsawon kilomita 772 daga iyakar Tailan zuwa Johor Bahru, kuma a nan ne jirgin ƙasa mai lantarki yake. Gefen gabas, wato Kelantan da Terengganu da Pahang, bas da jirgin sama ne ke da shi. Sabah da Sarawak kuwa suna can tsibirin Borneo, teku ta raba su da sauran ƙasar.

Jirgin mai lantarki sunansa ETS, na kamfanin KTMB, yana gudun da ya kai kilomita 140 a awa. Daga KL Sentral zuwa Ipoh kusan awa 2 da rabi ne, zuwa Butterworth, da ke bakin teku daura da tsibirin Penang, kusan awa 4, zuwa Padang Besar a bakin iyaka kusan awa 5 da rabi. A ƙarshen 2025 layin ya ƙarasa kudu har Johor Bahru. Sunayen Platinum da Gold da Silver da ake gani wajen sayen tikiti sun fi nuna yawan tashoshin da jirgin zai tsaya: Platinum ya fi sauri da tsada, Silver yana tsayawa kusan ko'ina. Kowane tikiti da lambar kujerarsa, ba a tsayuwa, idan kujeru suka ƙare sun ƙare. Akwai banɗaki, da wurin sayar da abinci, da ɗan ƙaramin ɗakin salla a ciki. Ana sayen tikiti a manhajar KITS ko shafin kamfanin, kuma farashin yana hawa gwargwadon yadda ranar ta matso.

Bas kuma cibiyarsa TBS ce a Bandar Tasik Selatan, wadda aka buɗe a 2011. Duk wanda ya saba da tashar da sai mota ta cika take tashi, ya ajiye wannan sabon a gida: a TBS agogo ake bi, akwai ƙofofi masu lamba da allon sanarwa, kuma ba 'yan kamasho ke lodi ba. Wanda ya sayi tikiti ta manhajar redBus ko Easybook ya iso da rabin awa a hannu, domin yakan buƙaci karɓar takardar shiga kafin a bar shi ya sauka wajen ƙofofin. Yawancin bas ɗin kujera uku ne a jere, biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, masu faɗi da kwanciya. Galibinsu ba su da banɗaki, sai an tsaya a wuraren hutawa na kan hanya. Sanyin na'ura a ciki ba wasa ba ne, musamman da dare. Rigar sanyi da safa su kasance a jakar hannu, ba cikin akwatin da ke ƙarƙashin mota ba.

Tafiyar Kuala Lumpur zuwa Penang, mai kimanin kilomita 350, ita ce ta fi nuna bambancin ukun, wato jirgin sama, ETS da bas. A sama awa ɗaya ce, kuma wannan ne ke ruɗar mutane. Sai a ƙara tafiya zuwa KLIA, da isa da wuri don awo da bincike, da jiran kaya, da wata tafiyar minti 30 zuwa 45 daga filin jirgin Penang da ke Bayan Lepas zuwa George Town, babban birnin Penang. Jimilla ba ta kasa awa 4. ETS yana kai mutum Butterworth cikin wannan lokacin, daga tsakiyar gari, ba awon kaya, ba cire bel. Daga tashar jirgin akwai hanyar ƙafa mai rufi da ke bi ta Penang Sentral zuwa mashigar jirgin fito, wanda ke tsallakawa cikin kamar minti 15 a kan ringit 2, ya ajiye ka a gefen tsohon garin George Town. Bas yana cin awa 5 idan hanya lafiya, a kan ringit 35 zuwa 50, wato kusan rabin kuɗin ETS. A nan a karanta tikiti da kyau: wasu bas ɗin a Butterworth suke tsayawa, wasu suna haye gada su ƙare a Sungai Nibong cikin tsibirin, wadda ita ma da sauran tafiya zuwa George Town. A ganinmu, ga wanda ke cikin Kuala Lumpur, ETS ne zaɓi na farko, bas na biyu. Jirgin sama yana da ma'ana ne kawai ga wanda ya riga yana KLIA, ya sauko daga Doha ko Addis Ababa, kuma tikitinsa a haɗe yake har Penang.

Ipoh ta fi sauƙin hukunci. Tashar jirgin ƙasa tana tsakiyar tsohon gari, tashar bas ta Amanjaya kuwa tana bayan gari, sai an sake biyan mota. Ɗan abin da aka rage a tikitin bas ya tafi a nan.

Melaka akasin haka ce. Jirgin ƙasa ba ya shiga birnin. Tasha mafi kusa tana Tampin, kusan kilomita 40. Bas daga TBS awa 2 ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma yana tashi a kai a kai tun safe har dare. Akwai ma masu tashi kai tsaye daga KLIA. Haka Cameron Highlands, ƙasar gonakin shayi: bas ne zuwa Tanah Rata, awa 4 ko fiye, kuma kashi na ƙarshe hawan dutse ne mai kwana-kwana. Mai saurin jiri ya nemi kujerar gaba, ya ci abinci kaɗan, ya sha maganinsa kafin a fara hawa, ba bayan cikinsa ya juya ba.

Zuwa Johor Bahru, inda ɗaliban jami'ar UTM da ke Skudai suke nufa, bas yana kai tashar Larkin cikin awa 4 da rabi zuwa 5 a ranar da ba cunkoso. Amma wannan hanyar ta kudu ita ce ta fi cushewa a ƙarshen mako saboda masu aiki a Singafo, don haka daga Juma'a zuwa Lahadi ETS ya fi tabbas, in an samu kujera.

A gabas lissafin ya juya. Kota Bharu tana cin awa 8 ko fiye a bas, Kuala Terengganu wajen 6, alhali a sama kowacce awa ɗaya ce. A nan jirgin sama yana rage yini guda da gaske. Mai son rage kuɗi ya hau bas na dare, ya tsira da kuɗin masauki. Akwai tsohon layin dogo da ke ratsa daji daga Gemas zuwa Tumpat, da jirgin dare mai gadaje da ke tasowa daga Johor Bahru. Yana da kyawun gani, amma ya fi awa 15, kuma ba ya bi ta Kuala Lumpur. Na mai lokaci ne, ba na mai uzuri ba. Ana gina sabon layi mai suna ECRL da zai haɗa Kota Bharu da yankin Kuala Lumpur. A tuna kuma cewa a Kelantan da Terengganu da Kedah, Juma'a da Asabar ne hutun mako, don haka cikar motoci daga can tana farawa tun daren Alhamis.

Maganar salla ba ta da wuya a ko'ina: KLIA, KL Sentral, TBS da wuraren hutawa na babbar hanya duk suna da ɗakin salla da wurin alwala, ana rubuta surau a allo. Sai dai direban bas ba lallai ya tsaya daidai lokacin salla ba, kuma tsayuwarsa minti 15 ce zuwa 20. Matafiyi ya shirya haɗa salloli da ƙasaru, ya kuma riƙe lambar motarsa a ka kafin ya sauka, domin a wurin hutawa bas goma masu kama ɗaya kan jeru. Agogon ƙasar ma yana gaban rana: a Kuala Lumpur magariba sai wajen ƙarfe 7 na yamma ko bayan haka.

Kaya da jiragen cikin gida

Jiragen cikin gida suna da araha, amma arahar ta mai jakar goyo ce. AirAsia tana ba da kilo 7 na hannu kyauta, duk abin da za a auna kuwa sai an saya, kuma sayensa a kanta ranar tafiya ya fi sayensa a intanet tsada nesa ba kusa ba. Ɗalibin da ya sauka da kilo 46, da garin tuwo da kilishi da littattafai, zai iya biyan kuɗin kaya fiye da kuɗin kujerarsa. Malaysia Airlines da Batik Air suna da tikiti masu kaya a ciki, amma a karanta nau'in tikitin, domin mafi arha a cikinsu kan zo da kaɗan ko babu. Ga mai manyan akwatuna, bas ya fi kowa haƙuri, don ƙarƙashinsa fili ne. ETS ba ya awo, sai dai wurin ajiye manyan kaya a ƙarshen tarago kaɗan ne, wanda ya riga shiga shi ke samu.

Sabon ɗalibi kuma ya san cewa bayan gwajin lafiya na makon farko, makaranta za ta karɓi fasfonsa don a buga masa izinin zama, kuma hakan kan ɗauki makonni. A wannan tsakanin ya bar maganar jirgin sama da tafiya mai nisa, ya riƙa yawo da kwafin fasfo da wasiƙar makaranta.

Tsibirai da Borneo

Langkawi tana da filin jirgi, awa ɗaya daga Kuala Lumpur, kuma tikitin sau da yawa bai fi kuɗin hanyar ƙasa ba. Hanyar ƙasan ita ce ETS zuwa Arau sannan mota zuwa Kuala Perlis, inda jirgin ruwa ke cin awa ɗaya da kwata, ko ETS zuwa Alor Setar sannan Kuala Kedah, inda yake cin kusan awa biyu. Yini guda ke nan, kuma idan jirgin ƙasa ya makara aka rasa jirgin ruwan ƙarshe, sai kwana a bakin teku. A cikin tsibirin babu bas na gari da za a dogara da shi. Grab ne ko hayar mota.

Tsibiran gabas kowanne da mashigarsa: Perhentian daga Kuala Besut, Redang daga Merang, Tioman daga Mersing ko Tanjung Gemok. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu iskar damina tana tayar da tekun wannan gefen, yawancin masaukai su rufe, jiragen ruwa su ragu ko su tsaya. Na Mersing ma ko a lokacin lafiya da cikar teku yake tashi, shi ya sa lokacinsa ke canzawa daga rana zuwa rana.

Sabah da Sarawak sai ta sama: Kuching ƙasa da awa 2, Kota Kinabalu kusan awa 2 da rabi. Duk da cewa ƙasa ɗaya ce, jihohin biyu suna da ikon shige da ficensu, za a duba fasfo a buga hatimi kamar an shigo sabuwar ƙasa. A can nisan garuruwa ya fi na yamma, hanyoyin ma ba su kai ba, don haka tsakanin Kuching da Miri da Kota Kinabalu jirgin sama ya fi. Musamman Miri zuwa Kota Kinabalu: hanyar motar da aka saba bi tana ratsa ƙasar Brunei, a fita Malesiya a sake shiga fiye da sau ɗaya, abin da mai fasfonmu da bizar shiga sau ɗaya ba zai iya ba.

Hayar mota

Ana tuƙi a hannun hagu, sitiyari a dama, akasin Najeriya da Nijar. Ana buƙatar lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na gida. Iyakar gudu a babbar hanya kilomita 110 ne, akwai kyamarori, kuma tarar tana biyo mutum ta kamfanin hayar. Tolget ba ya karɓar tsabar kuɗi. A tabbatar katin Touch 'n Go yana da isasshen kuɗi kafin a hau, kuma katin da aka shiga da shi da shi ake fita, domin nisan da aka yi ake caja. Tun ƙarshen Satumban 2025 tallafin man fetur nau'in RON95 ya koma na 'yan ƙasa kaɗai, baƙo yana biyan cikakken farashi.

A Kuala Lumpur mota nauyi ce: hanyoyin suna hawa kan juna, kuskuren kwana ɗaya yana jawo zagayen kilomita da yawa, ga kuɗin ajiye mota. Inda take biyan kuɗinta shi ne Langkawi, da ƙauyukan gabar gabas, da iyali mai mutum 4 ko 5 da ke son tsayawa Ipoh da Taiping da Kuala Kangsar a tafiya ɗaya. Wanda bai taɓa tuƙin hagu ba kada ya fara shi ranar da ya sauka daga tafiyar awa 20. Wurin da hannu ya fi mantawa shi ne shataletale da fitowa daga gidan mai.

Duk lokutan da aka ambata a sama na ranakun da aka saba ne. A ƙaramar salla, wadda suke kira Hari Raya Aidilfitri, da sabuwar shekarar Sinawa, da hutun makarantu, mutanen birni kan kwashe su koma garuruwansu, abin da suke kira balik kampung. Tafiyar awa 5 a bas na iya zama 10, hanyar Kota Bharu ta Gua Musang ta fi kowacce tsayawa cik, kujerun ETS kuma kan ƙare makonni kafin ranar. Wanda tafiyarsa ta faɗo a wannan lokacin ya sayi tikitin ETS ko na jirgin sama da zarar ya tsayar da rana. Idan bai samu ba, ya matsar da tafiyar zuwa rana ta biyu ta sallar, lokacin da masu tafiya sun riga sun isa, masu dawowa kuma ba su taso ba tukuna.